Bango Biyu Kore, Bango Biyu Fari

Jama'a, ku gyara zama. Wadda ta rubuto min cewa ni ce nake neman fitina da ƙafata, na ga saƙonki, kuma yau ba zan musa miki ba. Sai dai ki bari ki ji inda fitinar ta fito tukuna, don wallahi daga cikin bokitin fenti ta fito.

Ga waɗanda yau ne suka fara karanta ni, ni mai ɗinkin labule ce. Labule, rigar kujera, rigar filo, duk abin da ake rataya wa ɗaki don ya yi kunyar baƙi. Wurin aikina wani ɗan ɗaki ne a bayan gidanmu wanda a da sito ne, inda Umma take jibge tukwanen da suka huje da katifar da ta gama yayi. In na miƙe hannuwana biyu, saura kaɗan in taɓa bango da bango. Tagarsa ɗaya, ita ma kamar don ƙadangare aka yi ta. Da na karɓe shi fari ne, irin farin nan da ya gaji da duniya. To ni na daɗe ina shiga gidajen mutane ina auna taga, kuma abin da idona ya koya min shi ne, farin fenti a ɗakin da rana ba ta shiga ba ya zama fari, toka-toka yake komawa kamar tsohuwar singileti. Sai na sayo shuɗi mai duhu, marar sheƙi, na shafe bango huɗu har da silin, na rataya ƙwan fitila mai ruwan ɗorawa a saman keken ɗinki, na kafa madubi yana kallon taga. Kusurwoyin suka ɓace. In ka shiga ba ka gane inda bango ya ƙare, sai ka ji kamar ɗakin ya saki numfashi ya buɗe.

Umma ta leƙo, ta tsaya daga bakin ƙofa ta ƙare masa kallo, sannan ta ce, "'Yar nan, tun da ranki kike gwada zaman kabari?"

Daga ranar sunan ɗakin ya zama kabari. In mai kawo ɗinki ta yi sallama, sai ka ji Umma ta ce mata ta wuce baya, tana cikin kabarinta. Kuma ta ɗaure a ranta cewa ɗakin nan ne yake kore min manema. Wai wane namiji ne zai ga mace ta zaɓi duhu da hannunta ya ce zai ajiye ta a gidansa? Ƙannena biyu sun riga ni aure, kun san yadda hakan yake zama a gida. Ko gishiri ne ya yi yawa a girki, sai an zagayo da maganar kaina.

Ana haka wani saurayi ya zo. Yayarsa ce ta aiko shi ya kawo yadin labulen ɗakinta. Dogo ne, siriri, sanye da farar shat da aka goge har tana neman yanka hannu, da katin ofis rataye a wuya. Ya sunkuyo ya shigo, ya ɗaga kai ya dubi silin ya dubi madubin, sannan ya ce ɗakin nan ya yi kyau. Ni kuwa da na shekara ina jin kalmar kabari, sai na ji kamar an zuba min ruwan sanyi a ƙirji. Sai daga baya na samu labarin cewa a hanyarsa ta fita Umma ta tare shi ta ce ya yi haƙuri da duhun da aka shigar da shi, shi kuma ya ce, "Gaskiya ne Umma, akwai duhu kam." Da a ranar na ji wannan, da wataƙila na san irin wanda nake shirin so.

A wayata sunansa Ba Matsala, kuma ba ni na laƙaba masa ba, bakinsa ne. In na ce ya zo da yamma, ba matsala. In na ce kar ya zo, ba matsala. In na ce turaren da ya sa yana hawa min kai, ba matsala, washegari ya canza. Da farko na ɗauka aljanna ce ta sauko min. Kowace mace a cikinku da ta taɓa fama da saurayi mai taurin kai ta san abin da nake nufi.

Baba kuwa ba halinsa ne ya fara burge shi ba, katin wuyan nan ne. Baba direban motar haya ne har ƙarfinsa ya ƙare, yau akwai gobe babu, don haka a duniya ba abin da yake girmamawa kamar albashin ƙarshen wata. Da ya ji a kamfanin inshora yake aiki, sai ya gyara hula. Tun ba a tsayar da magana ba ya fara ce wa abokan hirarsa na ƙofar gida "surukina na inshora", kamar sarauta ce. Umma ta ce min in na sake wannan ya kuɓuce, to in haɗa kayana in koma kabarin gaba ɗaya.

Da magana ta yi nisa, ya kama mana ɗaki da falo a saman wani kemis. Ya kai ni sau ɗaya tare da Umma muka gani. Ɗakin kwanan ba laifi, amma falon, Allah na tuba, in mutum uku suka zauna na huɗu sai ya tsaya a baranda ya riƙa amsa gaisuwa. Taga ɗaya ce, tana kallon bangon maƙwabta. Umma ta ce ai farin fenti zai buɗe shi. Ni kuwa tun a matakala na gama ganin falona: kore mai duhu, irin na ganyen mangwaro da ya tsufa, labule mai launin madara daga silin har ƙasa, fitila biyu a ƙasa-ƙasa maimakon ɗaya a tsakiya mai haske kamar ɗakin tiyata.

Da na koma gida na rubuta masa duka. Na ce ya ce wa mai fenti marar sheƙi nake so, don mai sheƙi yana tona asirin duk wani ƙulu da ke jikin bango. Na ce a fara shafa kaɗan a gefe a duba shi da safe a duba shi da yamma, don fenti mai duhu fuska biyu gare shi. Na ce kar a yi masa shafa ɗaya a tafi, in ba haka ba farin da ke ƙarƙashi zai riƙa leƙowa kamar mai gulma.

Amsa ta shigo kafin in ajiye wayar: "Ba matsala Gimbiya."

Yanzu sai in gabatar muku da Yaya Nas. Ita ce babba a gidansu, shi ne auta. Tun rasuwar mahaifinsu ita ta riƙe shi, ita ta biya masa makaranta, mijinta ne ya samo masa aikin. Ma'aikaciyar jinya ce, irin waɗanda in suka shigo ɗakin marasa lafiya har mai nishi yake sassautawa. Ta ji labarin koren, ban san ta ina ba, sai ga saƙon murya mai tsawon huɗuba. Ta gaishe ni, ta tambayi Umma, ta yaba labulen da na ɗinka mata, sannan ta sauko kan magana. Wai ƙaramin ɗaki ba ya son duhu, kowa ya san wannan. Wai duhu yana jawo sauro da ƙuncin zuciya, ita ta gani a wajen aiki. Wai sababbin aure haske suke buƙata. Ta rufe da cewa shawara ce kawai, amma irin shawarar da ake bayarwa da allura a hannu.

Ban mayar mata da gardama ba, ba a yi min tarbiyyar haka ba. Na yi godiya, na tura masa saƙon nata, na sa alamar tambaya a ƙasa.

"Ki bar ni da Yaya," ya rubuto. "Ba matsala."

Bayan 'yan kwanaki sai ga hoto. Jama'a, na yi ihu a cikin kabarina har Umma ta ɗauka allura ce ta soke ni. Kore ne, nawa, daidai yadda na gani a raina, bango biyu sun haɗu a kusurwa kamar ba su haɗu ba, ga 'yar fitila a ƙasa ta zuba masa haske mai laushi. Na kai wa Umma har kicin. Ta goge hannu, ta karɓi wayar ta nisanta ta da fuskarta, ta ce, "To, Allah ya haɗa ki da daidai ke. Kabari biyu kenan."

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Yaya Nas. A ranar ta turo min saƙo: "Allah ya yi miki albarka ƙanwata. Yarinya mai jin magana ba ta taɓewa." Har da hoton fure. Na karanta na sake karantawa, na ce ikon Allah, ashe haka mutumin nan yake da baki, ya lallashi wannan matar har tana sa min albarka a kan na ƙi jin maganarta? Na ƙara sonsa. Na shiga gaban madubi na ce wa kaina, kin ga, shiru-shirun nan ba tsoro ba ne, iya zama da mutane ne. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma ya fi koren nawa ma.

Sai dai da na ce zan je in auna taga, sai ya ce warin fenti bai fita ba. Na sake cewa, ya ce makulli yana hannun mai gyaran famfo. Na sake, ya ce aiki ya yi masa yawa a ofis, in bari ya samu sarari ya kai ni da kansa. Mutumin da bai taɓa ce min gobe ba, yau shi ne da gobe iri-iri. Ga yadin labulen na riga na sayo, yana ninke a kan tebur yana kallona.

Wata ranar da hantsi na kai wa wata mata aikinta a unguwar da gidan yake, sai na ce bari in gwada sa'a. Na sa doguwar rigata baƙa da mayafi ruwan toka, tef ɗin awo a jaka. Mai kemis ɗin ya gane ni. Na tambaye shi ko an bar masa makulli, ya ce an bari, amma yanzun nan yayar mai gidan ta karɓa ta hau, ta kawo agogon bango.

Na hau ina shirya gaisuwa a bakina. Ƙofar a buɗe take. Na yi sallama na sa kai.

Bangon da ke kallona kore ne. Na hagu ma kore. Zuciyata ta yi fari, na buɗe baki zan ce Yaya kin gani ko, sai na hango ta can a kusurwar koren, ta jingina da bango, agogo a hammata, waya a hannu, tana kallon bayana kamar ta ga fatalwa. Na juya. Bangon ƙofa fari ne tas. Na dama ma fari, mai sheƙi, har yana ɗaukar ido. A kusurwar da kore ya haɗu da fari an ja layi miƙaƙƙe, tsaf, kamar iyakar ƙasa da ƙasa.

Wayarta kawai ta miƙo min. Hoton falo ne fari sol, haske yana zuba a jikinsa, an ɗauka daga daidai inda take tsaye. Na ciro tawa na miƙa mata. Ta duba, ta ɗago ta dubi inda nake tsaye a bakin ƙofa, ta sake duba hoton. Rana ɗaya ya turo mana, minti kaɗan tsakani.

Ban san wadda ta fara ba. Na dai tsinci kaina a durƙushe ina riƙe da ciki, Yaya Nas kuwa, matar da ban taɓa ganin haƙoranta na ciki ba, ta zame ta zauna a ƙasa da fararen kayan aikinta tana dariya har da hawaye, tana cewa in riƙe mata agogon kar ya fashe. Ta ce ita fa har ta ba abokan aikinta labarin irin surukar da Allah ya ba su mai biyayya. Na ce ni ma na gama yabonta a gida cewa ta san girman ra'ayin mutum.

Da dariyar ta lafa, sai wurin ya yi wani iri. Ta goge ido da gefen mayafinta, ta daɗe tana kallon layin nan na kusurwa. Ta ce tun yana ƙarami haka yake. In ta ce ya ci abinci ya ci, in ta ce ya ƙoshi ya ƙoshi. Bai taɓa ce mata a'a ba, ita kuma ta ɗauka tarbiyya ce ta yi kyau.

"Ƙanwata, ba zan ɓoye miki ba," ta ce. "Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Yau fenti ne. Gobe sunan ɗa ne, jibi makarantar da za a sa shi. In kika aure shi, ra'ayin duk wanda ya riga ki yi masa magana kika aura."

Muna cikin haka muka ji takunsa a matakala, yana ɗan fito da baki. Mai kemis bai gaya masa ba, ina jin shi ma so yake ya ji yadda za ta kaya. Ya shigo da ledar ƙwayayen fitila a hannu, ya gan mu zaune a ƙasa mu biyu, fiton ya mutu a bakinsa. Ya dube ni, ya dubi yayarsa, ya dubi ƙofa kamar yana auna nisan ta.

"Auta," Yaya ta ce a hankali, "wane launi ne falon nan?"

Ya ce shi dama yana nan yana tunanin yadda zai yi mana bayani. Wai ya ga kowa da hujjarsa. Wai ya yi niyya in an kwana biyu, in hankali ya kwanta, sai a zauna a duba. Na tambaye shi ranar da za a kawo ni gidan da wane ido ya shirya in shigo, na hagu kawai? Ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo, ya ce in ina so gobe a mayar da shi kore duka. Yaya ta yi gyaran murya. Ya juya da sauri ya ce ko kuma fari.

A nan ne dariyar ta bar ni gaba ɗaya. Na miƙe na kakkaɓe rigata. Sannan na faɗa masa.

"Ba na son kore. Yaya ma ta haƙura da fari, ko ba haka ba Yaya? Kai za ka zaɓa. Ko wane launi ne, amma naka, wanda ba a bakin kowa ka ji shi ba. In ba ka da shi, to ka faɗa min tun yanzu, don ni ba zan iya zama da amsa-kuwwa ba."

Ya buɗe baki, na ga kalmomin nan biyu sun taho har leɓensa. Na ɗaga masa yatsa. Ya haɗiye su. Na sauko ban auna tagar ba.

Kun san me ya biyo baya? Shiru. Mutumin da yake tashe ni da saƙon barka da safiya ya ɗauke ɗif. Rana ta fito ta faɗi, ta sake fitowa, wayata kamar an zare mata rai. In na duba sai in ga yana kan layi, sai in ga ya sauka. Na rubuta "Lafiya?" na goge. Na rubuta "Wasa nake yi" na goge, don ba wasa nake ba. Na ɗinka wa wata mata labule na juya yadin baibai, sai da na farke shi duka.

Umma ta lura. Ta shigo kabarin da ƙafarta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta zauna a kan buhun auduga ta ce in gaya mata abin da na yi wa ɗan mutane. Na ba ta labari. Na ɗauka za ta yi dariya, amma ko gezau. Ta ce mata nawa ne suke kuka a kan miji ba ya jin maganarsu, ni Allah ya ba ni mai jin ta kowa na ce ban gode ba. Ta ce Baba ya riga ya gaya wa 'yan'uwansa wata mai zuwa ne bikin, har an fara tambayar launin kayan da za a sa. Ta ce in a kan bango zan kashe aurena, to in sani bango ba ya ciyar da mutum. Da za ta fita ta tsaya ta dubi silin, ta ce ɗakin dai akwai sanyi, amma kar in ɗauka yabo ne.

Sai ga saƙonsa wata ranar bayan azahar. "Na gama. Ki zo ki gani. Ba zan turo hoto ba."

Babu Gimbiya, babu fure. Na canza mayafi sau uku kafin in tsaya a kan mai ruwan madara. A ƙasan benen na tarar da Yaya Nas zaune a bencin mai kemis, ta zuba tagumi, gorar ruwa a gabanta. Na gaishe ta, ta amsa da ƙyar. Ta ce in hau, ita ta gani ya ishe ta. Har na taka matakala ta ƙara da cewa, "Ke kika kunna wutar nan, sai ki san yadda za ki yi da ita." Na ɗauka fenti take nufi.

Yana tsaye a tsakiyar falon da tsohuwar riga duk ɗigon fenti, har a gashin girarsa. Shi ya shafa da hannunsa. Bango huɗu da silin, ja ne mai duhu, ja mai neman komawa baƙi, kalar hanta. Ƙwan fitila ɗaya ja-ja yana ci a kusurwa. Jama'a, ni mai son duhu ce, kun sani, amma a duk launukan da Allah ya halitta babu wanda na tsana kamar wannan. Ba ya shiri da labulen madarar da na saya, ba ya shiri da kujerun da na zaɓa, ba ya shiri da fatata. Abin haushin kuma, aikin ya yi kyau. Babu zane, babu inda fari ya leƙo, kusurwoyin sun narke, falon ya yi zurfi kamar ya ninka kansa.

Na ce masa gaskiya ba na son sa.

"Na sani," ya ce. "Ni ina so."

Na jira ya ce in ina so a canza. Bai ce ba. Ya jawo bokitin fenti ya kife min in zauna, shi ya tsuguna. Ya ce mahaifinsu mai hoto ne, yana da shago, a bayan shagon akwai wani ɗan ɗaki da bai kai wannan ba inda ake wanke hotuna, bangonsa wannan launin, fitilarsa ja. Ya ce nan ne kaɗai wurin da ake tambayarsa me ya gani. Mahaifin zai ɗaga takarda daga cikin ruwan magani ya ce, Auta, ya yi ko a ƙara? In ya ce a ƙara, sai a ƙara. Bayan rasuwarsa aka sayar da shagon, aka mayar da ɗakin wurin ajiye lemo, aka shafe shi da fari. Ya ce da na ce ya zaɓi nasa, ya kwana biyu yana lalube a cikin kansa bai samu komai ba sai muryoyin mutane, har sai da ya kai can ƙasa ya tarar da ɗakin nan.

Idona ya cika. Na ce a raina, to, hanta ce dai, za a iya zama da hanta. In aka sa labule ruwan zuma aka canza rigar kujeru, wataƙila ma a yi alfahari da shi. Har na ciro tef zan nufi taga.

"Akwai saura," ya ce. "Tunda kin ce in faɗi abin da nake so."

Na tsaya da tef a hannu.

"Ba na son aikin inshora. Ban taɓa so ba. Mijin Yaya ya ce in je, na je. Yau da safe na ajiye musu katinsu. Akwai wani abokin mahaifina mai ɗaukar hoton taro, ya ce in zo mu fara."

Tef ɗin ya zame ya naɗe kansa da ƙara. Na tambaye shi albashi fa? Ya ce babu, sai abin da aka samu. Na ce Baba fa? Ya ce shi ma ya yi tunanin wannan, kuma ba zai bari ya ji a bakin kowa ba, yanzu zai je ya faɗa masa. Na ce ya bari a kwana biyu, hankali ya kwanta, a zauna a duba. Ya dube ni, na ji kunyar kaina, don ni ma na gane bakin wa na ara.

"A'a," ya ce. Ya sunkuya yana ɗaura takalmi.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A mota ɗaya muka taho gidanmu, Yaya Nas a gaba, ni a baya ina murza gefen mayafina da ya kwaso jan fenti ban san yaushe ba. Shi kuwa ko rigar bai canza ba.

Baba yana ƙofar gida da abokansa. Yana hango shi ya miƙe da fara'a, ya ce wa mutanen ga surukin nasa na inshora, yau kuma aikin ƙarfi aka taɓa? Ya kama hannunsa ya ja shi falo, ya ce a kawo shayi. Yaya ta wuce wajen Umma. Ni na zagaya ta kicin na laɓe bayan labulen da ya raba falo da tsakar gida, labulen da ni na ɗinka shi da hannuna, kuma yau na yi nadamar rashin ƙara masa tsawo.

Ni da na tsaya a gaban yayarsa na ce namiji mai magana ɗaya nake so, ga ni ina roƙon Allah ya sa muryarsa ta shaƙe. Ba ta shaƙe ba. Tiryan-tiryan ya faɗa, tun daga bango har zuwa katin ofis, bai rage ba bai ƙara ba. Na ji ƙarar kofin Baba a kan faranti.

Sannan Baba ya yi gyaran murya.

"'Yar nan," ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, "fito daga bayan labulen nan, ina ganin ƙafafunki. Zo ki zauna ki gaya min da bakinki. Har yanzu kina son sa a haka?"